KUƊIN GORO NE KE HURA WUTA TSAKANIN HAUSAWA DA YARBAWA

Ran Asabar 2 ga watan Fabrairu 2002, kwana shida kacal bayan fashewar ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja, tun mutanen Ikko ba su gama binne gawawwakinsu ba, sai ga wata wutar ta tashi a Idi-Araba cikin Mushin. Asalin maganar gardama ce a kan wurin bahaya tsakanin wani Bahaushe da waɗansu samarin unguwa. Kafin a ankara abu ya zama faɗan Hausawa da Yarbawa, aka kwana uku ana sara ana ƙone-ƙone, mutane gommai suka rasa rayukansu, dubbai suka bar gidajensu, sai da aka kawo soja sa'an nan ƙura ta lafa.

Wanda ya daɗe a Kurmi ya san ba wannan ne farau ba, ba kuma shi ne ƙarau ba. A watan Yuli 1999 an yi a Shagamu saboda wata mace da aka ce ta fito da dare lokacin bikin Oro, aka je aka rama a Kano a kan Yarbawan da ko hanyar Shagamu waɗansunsu ba su sani ba. A watan Nuwamba na wannan shekara aka yi a Ketu a kan shugabancin kasuwar Mil 12. A watan Maris 2016 aka sake yi a Mil 12 ɗin, asalinsa rigimar ɗan acaba. A watan Fabrairu 2021 aka yi a kasuwar Shasha ta Ibadan, daga cacar baki tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago.

In aka duba yawancin waɗannan fitinu, za a ga abin da ya tashe su bai fi ƙarfin mai unguwa ko ɗan sanda guda ba. To, yaya aka yi rigimar mutum biyu take zama yaƙin ƙabila biyu cikin sa'a guda? Amsar tana cikin wata kalma da kowane Bahaushe ya sani, watau kuɗin goro. Dillali ba ya bin goro ɗai ɗai yana sa masa suna, sai ya haɗa babba da ƙarami, mai kyau da mai tsutsa, ya yanka musu kuɗi ɗaya. A ciniki wannan sauƙi ne. Amma in aka yi wa mutane haka, jini ake zubarwa.

KOWA YANA YI

Ba ɓangare ɗaya ke yin kuɗin goro ba. A bakin mutumin Ikko, duk wanda ya sauko daga Arewa sunansa Mola, ko Aboki, ko Gambari. Babarbare ne, Bafillace ne, Banufe ne, Bazabarme ne daga Nijar, Kirista ne daga kudancin Kaduna, duk Hausa ne. Har akwai karin maganar Yarbawa mai nufin in Gambari ya kashe Bafillace babu shari'a, tun da duk abu ɗaya ne. Hoton da ke kansa kuwa shi ne mutum marar ilmin boko, mai saurin fushi, mai wuƙa a ƙugu.

Haka nan a zauren Zango da majalisar masu shayi, duk baƙin mutum mai jin Yarbanci Bayarabe ne kurum. Ba a bambanta Awori masu ƙasar Mushin da Egba, ko Ijebu, ko Ijesha, ko mutumin Oyo, alhali su a tsakaninsu suna da tarihinsu na yaƙe-yaƙe da gaba da zumunci kamar na Kano da Katsina da Gobir. Hoton da ke kan Bahaushe shi ma ba mai daɗi ba ne: mai hayaniya, mai wayo, wanda ba a ba shi amana. Kowa yana ganin mutanensa iri-iri ne, akwai nagari akwai mugu, amma na wancan gefen sai ya ga kamar a tukunya ɗaya aka dafa su.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddigin wannan hali, abin da suka gano kuwa ya kamata ɗan Arewa mazaunin Kurmi ya sani, don shi abin ya fi shafa. Wajen 1970 wani malami a Jami'ar Bristol ta Ingila, Henri Tajfel, wanda shi kansa Bayahude ne da ya rasa danginsa a yaƙin duniya na biyu, ya tara yara 'yan makaranta ɗaya waɗanda suka san juna. Ya nuna musu zane-zanen masu zane guda biyu, ya ce musu an raba su gida biyu bisa ga zanen da kowa ya fi so. Sa'an nan ya ba kowane yaro dama ya raba 'yan kuɗi tsakanin waɗansu yara biyu, ba tare da ya san sunansu ba, sai dai gidan da suke. Yaran nan suka riƙa fifita 'yan gidansu. Babu tsohuwar gaba, babu bambancin addini ko harshe, suna kawai aka laƙaba musu. In suna na wasa ya yi wannan aiki, ina ga suna mai harshe da tufafi da tarihi?

Wani gwajin kuma ya fi wannan kusa da rayuwar baƙo. A 1976 waɗansu masana biyu a Amurka, David Hamilton da Robert Gifford, suka nuna wa mutane labaran ayyukan ƙungiya biyu a rubuce. Ƙungiya ta fari labarinta 26 ne, 18 na kirki, 8 na assha. Ta biyu labarinta 13, 9 na kirki, 4 na assha. Mai lissafi zai ga kashin alheri da na sharri daidai yake a duka biyun. Amma da aka tambayi mutanen daga baya, sai suka ɗora wa ƙaramar ƙungiyar laifin da ya fi wanda ta yi, suka kuma fi ƙyamarta. Dalili shi ne abu biyu da ba a saba gani ba, watau mutumin da ba su da yawa da kuma mummunan aiki, in suka haɗu sun fi zama a zuciya.

Ga ma'anar wannan a Mushin. In yaron unguwa ya yi sata, sai a ce wane ɗan wane ya yi sata. In ɗan ci-rani ya yi, sai a ce Hausawa sun yi sata. Dubun masu tura baro da masu sayar da ruwa da suka wuni suna neman halaliyarsu ba wanda ya ƙirga su, ɗayan nan da ya zaro wuƙa shi za a shekara ana faɗa. Kada kuwa a ɗauka wannan halin Yarbawa ne. A Sabon Garin Kano Bayarabe ne baƙo, haka kuma ake yi masa. Duk inda mutum ya zama tsiraru, laifin ɗaya na kowa ne.

DAƊEWA TARE BA TA ISA BA

Sau da yawa bayan an yi fitina sai a ji dattawa suna mamaki, suna cewa ai mun daɗe tare. Gaskiyarsu. Tun 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa a Ikko. Da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, shanu suka riƙa gangarowa, goro yana hawa, Agege ta cika da fatake. Harsunan biyu ma shaida ne: Bahaushe ya karɓi agogo da ashana da akwati da alabo daga bakin Bayarabe, Bayarabe kuma yana cewa alubosa da wahala da alafiya. Ga Musulunci da ya haɗa miliyoyi a sahu ɗaya. Duk da haka aka yi Idi-Araba.

Wani malamin Jami'ar Harvard, Gordon Allport, ya yi bayanin wannan tun 1954 a littafinsa kan ƙiyayyar jinsi. Ya ce cuɗanya tana rage ƙiyayya, amma da sharuɗɗa: a haɗu a matsayi ɗaya, a sa buri ɗaya a gaba, a yi aikin tare ba da gasa ba, hukuma ko al'ada kuma ta goyi bayan haɗuwar. A 2006 Thomas Pettigrew da Linda Tropp suka tattara bincike 515 da aka yi a ƙasashe da yawa, suka tarar lalle cuɗanya tana rage ƙyama, ta kuma fi yin amfani inda sharuɗɗan nan suka cika.

To, sai a auna zaman Ikko da wannan mudu. A ina talakan Arewa ke haɗuwa da Bayarabe? A bakin ƙofa yana gadi, a gindin famfo yana ɗaukar ruwa, a kan babur yana tuƙa shi, a gefen titi yana goge masa takalmi. Haɗuwar mai gida da bara ce, wadda takan ƙara wa mai raini raininsa. Inda kuwa suka yi kafaɗa da kafaɗa, watau a kasuwa da tasha, can ɗin ma takara ce: wa zai riƙe shugabanci, wa zai karɓi kuɗin shiga, wa zai sami rumfa. Ana ganin juna kullum, amma ba a san juna ba.

Akwai wani sanannen gwaji da Muzafer Sherif, mutumin Turkiyya mazaunin Amurka, ya yi a 1954 a wani sansanin hutu a jihar Oklahoma. Ya kai yara maza 22 masu shekara kamar 11, launinsu ɗaya, addininsu ɗaya, ya raba su biyu, ya sa musu gasa da kyauta ga wanda ya ci. Cikin 'yan kwanaki suka fara zage-zage, suka ƙone tutar juna, suka kai wa juna hari a ɗakin kwana. Aka haɗa su cin abinci wuri ɗaya don su shirya, sai suka yi ta jifan juna da abincin. Abin da ya kashe gabar shi ne da aka toshe ruwan sansanin suka fita gyara tare, da kuma ranar da motar abinci ta ƙi tashi suka haɗu suka ja ta da igiya. Da za a tashi, su da kansu suka nemi a mai da su gida a mota ɗaya.

Daga baya an soki Sherif, don an gano ma'aikatansa sun taimaka wajen zuga yaran. Amma wannan ma darasi ne. A 1953 ya gwada irin wannan a wani wuri abin ya ƙi, saboda yaran sun riga sun yi abota kafin a raba su, duk zugar da aka yi suka ƙi faɗa, har suka juyo suna tuhumar manyan. Ashe mai zuga ba ya cin nasara sai inda ya tarar ba a san juna ba.

AMFANIN ZANGO DA ILLARSA

A nan ne maganar za ta ɗan yi ɗaci. Tsarin Zango, inda Hausawa ke keɓe unguwarsu da sarkinsu da limaminsu da mahautansu, ba banza aka yi shi ba. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan, unguwar da aka kafa a 1916, ya rubuta littafi a kanta a 1969. Ya nuna cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kurmi a kan amana da bashi yake tafiya, ba takarda ba banki, saboda haka sai da fatoma da mai gida da dillali waɗanda aka sani aka san asalinsu. Keɓewar nan ita ta tsare amanar, ita ta tsare cinikin a hannun Hausawa. Har yau baƙon da ya sauka daga tirela da tsakar dare, Zango ke ba shi tabarma da tuwo da jari. Wannan alheri ne da babu mai musunsa.

Amma fa yana da kuɗinsa. Mutum sai ya shekara ashirin a Agege ko Idi-Araba bai iya gaisuwa da Yarbanci ba, bai taɓa shiga gidan Bayarabe suna ko ta'aziyya ba, bai san sunan mai gidan da ke bayan katangarsa ba. Duk hulɗar al'umma biyu sai ta rataya a kan Sarkin Hausawa da Baale da babban ɗan sanda. Gada ɗaya ke nan a kan babban kogi. Ran da fitina ta tashi da dare, kafin sarakuna su sami juna an riga an ƙone layi guda.

Wani bincike da aka yi a gida Nijeriya ya ƙarfafa wannan magana. Alexandra Scacco da Shana Warren sun ɗauki samari kusan 850, Musulmi da Kirista, daga unguwannin Kaduna masu fama da rikici. Aka koya wa waɗansu aikin kwamfuta har mako 16, waɗansu a aji gauraye, waɗansu a ajin 'yan addininsu zalla, saura kuma ba a sa su a aji ba. Sakamakon da aka buga a 2018 ya ba da mamaki. Ra'ayin samarin game da ɗaya ɓangaren bai sauya ba, abin da suke faɗa da can shi suke faɗa. Amma da aka ba su kuɗi su raba, waɗanda suka yi aji gauraye sun fi yin adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba. Waɗanda aka tara su ya-su-ya-su kuwa, nuna bambancinsu ya fi na waɗanda ba su shiga aji ba sam.

Abu biyu ke cikin wannan. Na fari, ba sai an jira zukata sun wanku ba kafin a sami zaman lafiya. Mutum yana iya riƙe da tsohon zancensa a baka, amma hannunsa ya ƙi cutar wanda suka yi aiki tare. Na biyu, zaman ya-mu-ya-mu ba tsaka-tsaki ba ne, yana ƙara kaifin bambanci ko da ba wanda ya yi niyya.

ABIN YI

Saboda haka shawara ga mutanen Arewa mazauna Mushin da Agege da Mil 12 da sauran wurare ita ce a riƙe Zango, amma a yawaita ƙofofinsa. Wata masaniya 'yar Amurka, Sandra Barnes, wadda ta yi bincike a Mushin ɗin nan ta buga littafinta a 1986, ta nuna cewa masu gidajen haya su ne ginshiƙin siyasar unguwa, su ke sasanta rigima, ta hannunsu ɗan haya ke kaiwa ga hukuma. To, duk Bahaushen da Allah ya ba gida ko shago, wurinsa yana cikin taron masu gidaje da ƙungiyar raya unguwa. Ya biya kuɗin wata, ya je taro, a gyara kwata da shi, a sayi taransifoma da shi, a ɗauki 'yan sintiri da shi. Ruwan sansanin Sherif ke nan da motarsa. Wanda aka ja igiya da shi jiya, da wuya a cinna wa ɗakinsa wuta gobe.

A kasuwanni, kwamitin sulhu na haɗin gwiwa ya riƙa zama lokacin da ake lafiya, ba sai an ga gawa ba, a kuma rubuta yadda za a riƙa raba muƙamai da kuɗin shiga kowa ya sani. Samari masu acaba da Keke da dako su yi rajista a ƙungiyar sana'arsu tare da 'yan gari. Iyaye su sa yara makarantar unguwa bayan ta allo, don abokin aji ba ya mantuwa. Kowa kuma ya koyi Yarbanci gwargwadon iko. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, harshe kuwa shi ne sandarsa. Bayarabe mutum ne mai girmama gaisuwa, kalma biyar da aka faɗa wa dattijuwa da safe tana iya zama katanga ran tsanani.

Sa'an nan a daina ɓoye mai laifi don ɗan gida ne. In yaro ya sari wani, shugabanni su miƙa shi ga hukuma da sunansa, don laifin ya tsaya a kansa kada ya hau kan al'umma. Haka kuma a nemi ɗaya ɓangaren ya yi. A kuma kiyayi jita-jita, musamman yanzu da hoto ke tashi daga wayar hannu a Ikko ya sauka Kano cikin ƙiftawar ido, wani lokaci ma hoton wata ƙasa ne ko na shekarun baya. Malamai sun san Suratul Hujurati ta yi horo da bincika labari, ta hana izgili da jifa da munanan laƙabi da yawan zato. Ya kamata a riƙa jin wannan a huɗubar Juma'a ta masallatan Hausawa da na Yarbawa baki ɗaya.

Wani zai ce, don me za a ɗora wa wanda aka ƙona wa shago nauyin gyara? Ina 'yan iskan gari masu karɓar kuɗin ƙasa? Ina 'yan siyasar da ke cin riba da gaba? Ina masu laifin Ketu da Idi-Araba da Shasha, nawa aka hukunta? Wannan tambaya tana kan hanya. Sharaɗin Allport na huɗu shi ne goyon bayan hukuma, kuma muddin ana kashe mutane a tashi ba hukunci ba diyya, rufe kasuwa na 'yan makonni ba zai hana a sake ba. Tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama da neman abinci a duk inda ya so, wajibi ne gwamnatin jiha ta tsare wannan, shugabannin Arewa kuma su riƙa tuna mata. Sai dai wanda ke kwana a rumfar katako ba shi da halin jiran gwamnati ta shiryu. Abin da ke hannunsa shi zai fara yi.

Wanda kuma ya ce gabar nan a jini take, tarihi ya ƙaryata shi. Ran 12 ga Yuni 1993 mutanen Kano suka zaɓi Alhaji Mashood Abiola, mutumin Abekuta, suka bar ɗansu Alhaji Bashir Tofa. Soke wannan zaɓe ne ya haifar da ɗacin da ƙungiyar OPC ta tsiro cikinsa a 1994, talakan Zango kuwa, wanda ba shi ya soke ba, wanda ma watakila Abiola ya jefa wa ƙuri'a, shi ya biya bashin. Babu kuɗin goron da ya fi wannan muni. Bayan Shasha kuma, da fataken abinci da na dabbobi suka tsai da lodi zuwa Kudu na 'yan kwanaki a 2021, tumatir ya yi tsada a Ikko, ya ruɓe a hannun manomi a Arewa. Kowa ya ji a jikinsa.

Jama'a, zo mu zauna zo mu saɓa ne, ba za a daina gardama a kan rumfa da babur da bakin kwata ba. Abin nema shi ne gardamar Audu da Lasisi ta tsaya a kan Audu da Lasisi. Wannan kuwa ba ya samuwa sai in a kowane layi akwai mutum goma na nan da goma na can da suka san sunan juna, suka taɓa haɗa kuɗi da gumi a kan aiki ɗaya. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya tsare baƙo da ɗan gari, amin.